Kyamarar da Ta Yi Lilo a Fiffiken Jirgi

Ku gyara zama, jama'a. Ga wata magana na kawo muku, ni zan faɗa, ku za ku yanke.

A shekarun da ƙafata ke da sauran ƙarfi, na taɓa sauka wani ƙauye a bakin fadama, can gabas. Sunansa Tungar Maje, ko kuwa Majen Tunga, ɗaya dai daga ciki. Abin da ban manta ba shi ne tuwon shinkafarsu da miyar kifi. To, shinkafar nan ita ce maganar.

Saura kwana goma a yi girbi sai jan-baki suka sauka. Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso sai ka ce hadari ne ya haɗo. An buga gwangwani, an yi ihu har muryar gari ta dishe, su kuwa suna ta ci kamar an gayyace su. Da yamma sai su shige cikin kacala, ciyawar ruwan nan mai tsawo da ko kwalekwale ba ya ratsa ta. Ba wanda ya san inda suke kwana.

Sai aka turo ɗan ƙaramin jirgin feshi, ya sauka a filin makaranta. Matuƙiyarsa mace ce, Kyaftin Rakiya. Ta ce wa Sarkin Noma, "Baba, kwana biyu gare ni, maganin kuma na feshi ɗaya ne. In ban san makwancinsu ba, kacala kawai zan yi wa wanka." Ta ce ba za ta iya tuƙi ƙasa-ƙasa tana leƙen ƙarƙashin jirgi ba. Ta fito da wata kyamara kamar kwalin ashana, ta ce abin maƙala ta a jikin jirgi ya karye. Wanda duk ya sa ta ga makwancin nan, in ji ta, kyamarar ta zama tasa.

A garin akwai abokai uku: Sallau mai walda, Nomau masunci, da Jatau mai hawan giginya.

Sallau ne ya fara zuwa, da injin waldarsa a kan amalanke. Har ya sa baƙin gilashi ya nufi fiffike, Kyaftin ta yo tsalle ta tare shi.

"Malam Sallau, man jirgin a cikin fiffiken nan yake!"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗigo biyu kawai zan yi."

"Ɗigo ɗaya ma ya isa a yi jana'izarmu tare."

Ya koma rumfarsa yana gunaguni, ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, wanda zai cafki sandar da ta tokare fiffike, a matse shi da noti. Aka ɗaura, aka tayar da inji a ƙasa don gwaji. Hoto ya fito yana karkarwa kamar mai masassara. Sallau ya tsaya ya duba, ya tuɓe silifarsa ta ƙafar hagu, ya yanka, ya cusa robar tsakanin ƙarfe da sanda. Aka sake gwadawa, hoto ya tsaya cak. Kyaftin ta jijjiga ƙarfen da hannu biyu, ta ce ta yarda. Ranar nan Sallau da takalmi ɗaya ya wuni, yana tafe yana ɗingishi cikin alfahari.

Nomau kuwa bai san komai game da jirgin sama ba, amma ruwa ya koya masa abu guda, wai abin da ba ka ɗaure ba ba naka ba ne. Ya zaro igiyar da yake ɗinkin taru da ita, ya ɗaure wuyan kyamara, ya ɗaure ɗaya bakin a sanda. Sallau ya ji haushi.

"Kai Nomau, ƙarfen nawa kake yi wa ɗaurin akuya?"

"Ba ƙarfenka na ɗaure ba. Akuyar na ɗaure."

Kyaftin ta ce a bar igiyar, amma kada ta wuce taƙi biyu, don kada abin ya riƙa dukan fiffike. Nomau ya rage ta, ya yi ƙulli irin wanda ko giwan ruwa ba ya kwancewa.

Shi Jatau yana gefe yana ɓare gyaɗa. Ba a tambaye shi komai ba.

Bayan la'asar jirgi ya tashi, ya bi bayan tsuntsaye. Can tsakiyar fadama wani garken tsuntsayen ya juyo ya yi karo da shi. Ƙarfen Sallau ko motsi bai yi ba, amma 'yar ƙafar roba ta jikin kyamarar kanta ta ɓalle. Ba don igiyar Nomau ba, da yau kifaye ne ke kallon hoton. Kyamara ta rataya, fuskarta ƙasa, tana juyawa cikin iska kamar mazari. Haka jirgin ya sauko gab da magariba, tana lilo a gefensa.

Da safe aka taru a gindin tsamiya, ko kuka ce, itace dai mai inuwa, Kyaftin ta buɗe kwamfutarta. Farkon hoton tas yake, ga kogi, ga gonaki. Sai dai mutanen ba su taɓa ganin ƙasarsu daga sama ba. Sarkin Noma ya rantse wannan ba garinsu ba ne, tabarma ce aka ɗauka. Wanda ya fara gane gonarsa kuwa, abin da ya fara gani shi ne maƙwabcinsa ya ci masa iyaka da kunya uku. Da ƙyar aka raba.

Sannan aka zo inda kyamara ta ɓalle. Sama, kacala, tayar jirgi, sama, kacala, tayar jirgi. Jiri ya kwashi masu kallo. Sarkin Noma ya rungumi itace. Sallau ya zaga baya ya mayar da kokon da ya sha. Nomau, mutumin da aka haifa kusan a cikin kwalekwale, ya zauna daɓas a ƙasa yana cewa a kai shi gaɓa. Kyaftin kanta, wadda ke juyi da jirgi a sama, sai da ta rufe ido. Ta ce aikin ya lalace, za ta haɗa kayanta.

Sai aka ji murya daga baya. "A maido shi baya, ban gama gani ba."

Jatau ne, da gyaɗarsa. Shekara talatin yana kan giginya iska na kaɗa shi gabas da yamma, jiri ya daɗe da sallama masa. Ya zauna ya kalli juyin nan sau biyar, kowa ya ba kwamfutar baya. A na biyar ya ce, "Tsaya nan." Aka tsayar. Ga kan giginya uku, ɗaya tsawa ta ƙone ta, ƙarƙashinsu kuma kacala ta yi baƙi ƙirin kamar an zazzage buhun gawayi. Tsuntsaye ne ke sauka.

Jatau ya ce ya san itatuwan nan, amma irinsu biyu ne a fadamar, akwai na kudu akwai na arewa, daga sama kuma ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Sai aka koma farkon hoton, wanda silifar Sallau ta hana rawa. Nan aka ga jirgin ya bi kogi ya wuce kwana ta biyu, inda wani tsohon kwalekwale ya kife. Jatau ya ce to na kudu ne.

Da yammar nan Kyaftin ta tashi ta yi feshinta sau ɗaya, a inda ya dace. Shinkafa ta kai girbi. Ni shaida ne, don na ci.

Kafin ta tafi ta ajiye kyamara a kan tabarma, ta ce alkawari kaya ne, ta sauke nata, su uku su san yadda za su yi. Abu kuwa kamar kwalin ashana, ba ya yankuwa uku.

Sallau ya ce ba don ƙarfensa da silifarsa ba, kyamara ba ta bar ƙasa ba, kuma da yanzu giginyar arewa aka yi wa feshi. Ya ɗaga ƙafarsa a ga shaida. Nomau ya ce ba don igiyarsa ba babu ma abin da za a yi gardama a kai, kuma lilon nan da ake zagi shi ya juyar da fuskarta ƙasa ta ga tsuntsaye. Jatau ya ce hoton da ba mai iya kallo, da shi da babu duk ɗaya, ya kuma tuna musu inda kowa yake lokacin da shi yake kallo.

Da abin ya ƙi ƙarewa, sai suka dube ni suka ce ga baƙon malami, ba shi da dangi a cikinsu, shi ya raba. Na yi bismilla na yanke hukunci. Na tuna sarai kowa ya gamsu, har Sarkin Noma ya ba ni ɗan kwando na shinkafa, ya ce bai taɓa jin adalci irin wannan ba. Abin da na ce ɗin ne ya ɓace mini. Na neme shi a hanya shekara da shekaru, ban same shi ba.

Saboda haka na kawo muku. Tsakanin wanda ya maƙala, da wanda ya ɗaure, da wanda ya iya kallo, wa za ku miƙa wa kyamarar nan?