Ledar da ke ƙarƙashin murfin tanki

Akwai wani bakaniken babura a garin Kudan mai suna Zayyad. A faɗi gaskiya, Allah ya ba shi hannu. Babur zai shigo garejinsa yana tari kamar mai mura, ya fita yana gudu lafiya lau. Ƴan acaba har daga Makarfi suke kawo masa aiki, su ne ma suka laƙaba masa suna Injiniya.

Sai dai fa sunan ya hau masa kai. Zayyad ba ya barin mai babur ya ƙarasa magana. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ni inji ke yi wa bayani, ba mutum ba."

A garin kuma akwai Inna Hussaina, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya daga asibiti, amma har yau ita ake kira a ƙauyuka idan haihuwa ta zo da gardama. Abin hawanta wani ɗan ƙaramin babur ne mai feda, wanda marigayi mijinta ya bar mata. Ga wanda bai san irinsa ba, rabi keke ne, rabi babur. Feda ake takawa inji ya tashi, sannan a ɗora ƙafa a huta, shi ya ja. Fetur ɗinsa da ɗan baƙin mai ake gauraya shi. Ba ya gudu, amma ya shiga lungunan da mota ba ta taɓa gani ba.

Da damina ta kankama sai babur ɗin ya tsiro da wani hali. Ya tashi garau, ya yi tafiya mai ɗan nisa, sai ya fara shaƙewa ya mutu. Idan ya huta, ya sake tashi.

Inna ta turo shi gareji. Bayan an gaisa ta ce, "Ɗan nan, abin ya fara ne tun ranar da ruwan sama ya..."

"Inna, zauna ki huta," in ji Zayyad. "Abu uku inji ke ci: mai, iska da wuta. Kafireta ce ke gauraya mai da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, abin ya kama, inji ya juya, sarƙa ta ja taya. Shi ke nan karatun. Naki wuta ce ta yi rauni."

Ya sa sabon fulogi, ya zagaya bayan gareji sau ɗaya, ya dawo ya miƙa mata.

Bayan kwana uku ga Inna ta dawo tana turawa. Ta ce, "Zayyad, da ka bari na gaya maka, ni da hannuna na..."

"Kafireta ce ta yi datti." Ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hure ƴan ramukanta, ya mayar. Ya sake ɗan zagayensa na bayan gareji. Lafiya ƙalau.

Zuwa na uku ya same shi cikin ƴan acaba ana ta raha. Ganin babur ɗin ya dawo a gaban jama'a ya ɓata masa rai, don a ganinsa sunansa ake zubarwa. Ya ce da ƙarfi, "Inna, wannan fa ba ciwo ke damunsa ba, tsufa ne. Ki kai wa ƴan gwangwan su auna, ki sayi goro."

Aka fashe da dariya. Inna ta dube shi, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta kama hannun babur ɗinta ta tafi.

To, matar Zayyad, Mukarrama, tana da cikin fari, kuma ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye can wajen garin Taba. Lissafi ya nuna saura mako uku, don haka hankalinsa kwance yake.

Wata ranar kasuwa ya shiga motar haya zuwa Makarfi sayo kayan gyara. Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Surukarsa ce.

"Zayyad, naƙuda ta taso tun asuba, kuma abin ya ƙi gaba. Ruwan jiya ya ɓata hanya, mota ba ta shigowa. Mun kira Inna Hussaina, ta ce ta taso, ga shi an fi awa ɗaya ba mu gan ta ba."

Jama'a, a nan ne hankalin Injiniya ya tashi. Duk duniya ba wanda ya fi shi sanin dalilin da ya hana Inna isa.

Ya bar kayan da ya saya a shagon, ya faɗa motar farko. Aka sauke shi a mararrabar da ke shiga ƙauyen. Ko ɗan acaba ɗaya babu, duk sun bi kasuwa. Ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya kama gudu cikin taɓo.

Can tsakanin gonakin masara ya hango ta. Inna Hussaina, mai shekara sittin da ɗoriya, tana taka feda da ƙarfin tsiya, inji a mace, jakar kayan aikinta ɗaure a baya. Gumi ya jiƙa mata hijabi sharkaf. Saura tafiya mai nisa, ga hawa a gaba.

"Sau huɗu yana mutuwa," ta ce tana haki. "Yanzu kuma ya ƙi tashi, ni kuma ba ni da lokacin jiran ya huta."

Zayyad ya laluba aljihu. Babu sifana, babu fulogi, babu komai. Ya duba wayar wuta, tana nan daidai. Ya girgiza babur ɗin, ya ji mai na motsi a tanki. Duk abin da ya sani ya ƙare, kuma matarsa na can tsakanin rai da mutuwa. Ƙwalla ta cika masa ido.

Ya durƙusa a taɓon nan ya ce, "Inna, don girman Allah, me kike ta son gaya mini?"

"Au, yau kana da kunne?" Ta share fuska. "Cewa nake, tun ranar da ruwan sama ya dake ni a hanya na ji tsoron kada ya shiga tanki. Sai na ninka leda na shimfiɗa a bakin tankin, na murɗa murfi a kai. Tun daga ranar ya fara wannan hali."

Zayyad ya dafe kai. "Innalillahi!"

Ya murɗe murfin. Suka ji wani ɗan sauti, fuuu, iska ta ruga ciki. Ga baƙar leda nan ninki biyu, ta manne tsaf, an datse gefenta yadda ba a gani daga waje.

A murfin tanki akwai wani ɗan rami da bai fi tsinin allura ba. Ta nan iska ke shiga ta cike gurbin man da ya sauka. Idan aka toshe shi, mai zai sauka na ɗan lokaci, daga nan tanki ya riƙe abinsa, kamar gwangwanin madara da aka huda wuri ɗaya. Shi ya sa babur ɗin ke lafiya a gajeren zagayen bayan gareji, ya mutu a doguwar hanya. Zayyad ya san wannan tun yana koyon aiki. Aikin minti ɗaya ne, da ya bari an ƙarasa masa magana.

Ya fizge ledar, ya mayar da murfi. Inna ta taka feda yana tura ta daga baya. Taku uku, inji ya kama, bututun salansa ya tofar da shuɗin hayaƙi.

Ya kai hannu zai hau baya. Inna ta ce, "A'a. Tsoho ne, ba ya ɗaukar mutum biyu. Biyo ni da ƙafa."

Haka ya bi ta a guje, yana sauraron ƙarar ɗan injin da ya ce a kai wa ƴan gwangwan, yana roƙon Allah kada ta yanke. Ba ta yanke ba har ta ɓace masa.

Ya isa ƙofar gidan ƙafafunsa duk taɓo, ya zube a dakali kusa da babur ɗin, wanda har lokacin da ɗuminsa. Ya daɗe a nan ba ya jin komai sai salatin mata. Can sai kukan jariri ya tashi.

Inna ta fito tana goge hannu. "Mace ce. Cibiya ce ta naɗe mata wuya. Uwa da ɗiya suna lafiya, amma da na ƙara ko rubu'in awa a hanya, da ba wannan maganar muke yi ba."

Zayyad ya fashe da kuka kamar ba shi ne Injiniya ba. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Me zan ba ki tukuicin wannan albishir?"

Ta dubi hannunsa. Ashe tun daga hanya yana damƙe da ledar bai sani ba.

"Riƙe abinka," ta ce. "Ni ledata a tanki na sa. Kai taka a kunne take. Ita za ka cire."

Har yau ledar nan tana kafe da ƙusa a ƙofar garejinsa. Duk wanda ya kawo babur, kafin Zayyad ya taɓa sifana sai ya jawo masa benci ya ce, "Zauna, ba ni labari tun daga farko."

Darasi: Komai gwanintarka, bar mutum ya ƙarasa maganarsa. Wanda kake katsewa yau, wataƙila a bakinsa amsar take, kuma ba ka san ran wa ke rataye da ita ba. Ku tura wa ƴan uwa da abokai, musamman wannan abokin naku da ba ya bari a kai aya.