Amanar da Sallau Ya Karɓa a Ƙarƙashin Ƙasa

An yi wani mutum, wani bawan Allah manomi, ana ce masa Sallau. Ku matso ku saurara, har da kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙin can.

Sallau ba shi da komai a duniyar nan sai gona guda da ya gada wajen mahaifinsa. Da ita yake ci, da ita yake ciyar da iyali. Kwatsam sai wani mai hannu da shuni ya ce ai gonar tasa ce. Aka yi ta shari'a har magana ta kai babban birni. Aka ce wa Sallau, "Ran Talata ka bayyana gaban masu hukunci kafin azahar. In ba ka zo ba, ka sallama ke nan."

To, birnin nan, jama'a, jirgin ƙasansu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Subhanallahi! Sallau ya sauka a wata tasha da aka haƙa daidai ƙarƙashin ma'aikatun gwamnati. Ya tsaya baki buɗe. Ga fitilu fes, ga iska na kaɗawa ba taga ko ɗaya, ga mutane na tuɗaɗowa daga jirgi kamar an buɗe buhun gero. Ya ce, "Ikon Allah! Rai a cikin ƙasa tun ba a mutu ba." Abin da ya rage masa kawai ya hau matakala, ofishin masu hukuncin na bisa kansa.

Ya ɗaga ƙafa ke nan sai wata mata, Karimatu, ta tare shi. Tana riƙe da wani tsoho makaho, ƙafafunsa a kumbure.

Ta ce, "Malam, don Allah riƙe mini Babana in hau sama in aro keken guragu. Hankalinsa ya fara gushewa, da ya ji ƙarar jirgi sai ya miƙe ya bi ta. Yanzu zan dawo."

Ya ce, "Je ki, baiwar Allah. Na karɓi amana."

Kun ji kalmar? Na karɓi amana. Mu nan sau nawa muke faɗinta kamar muna cewa sannu?

Fitarta ke da wuya sai ga masu tsaro. Wai wani babban mutum zai wuce ta unguwar, an rufe ƙofar shiga tasha. Mai fita ya fita, amma ba mai saukowa sai an wuce. Karimatu na sama tana kuka tana roƙo, ba mai sauraronta. Sallau na ƙasa da tsoho.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, hau bayana in fita da kai."

Tsoho ya ƙanƙame benci ya fashe da kuka. "Ba inda za ni sai Karimatu ta zo!"

Sallau ya je wajen wani ma'aikacin tasha, yana tafe yana waiwaye. Ya kwashe labarin gonarsa kaf ya gaya masa. Ma'aikacin ya ce, "Wallahi ba ni da ikon barin ƙofar nan. Kai ma dai, Malam, ɗan uwanka ne? Ka bar shi nan mana, me zai same shi? Gonarka fa!"

Bai rufe baki ba sai ƙasa ta soma girgiza, jirgi na tafe. Tsoho ya miƙe zumbur, hannuwa a gaba, yana cewa "Ga motar gida!" ya nufi bakin rami inda ƙarafan jirgi suke. Sallau ya zabura ya cafko rigarsa, ƙafar tsoho ɗaya ta riga ta bar daɓe. Suka faɗi tare ta baya, jirgi ya shige fuu.

Daga nan Sallau bai ƙara maganar fita ba. Ya zauna, ya kama hannun tsoho ya riƙe gam. Kada ku zaci dutse ne shi. Yana ji a jikinsa rana na tafiya ko da ba ya ganinta. Yana tuna kukar da ke tsakiyar gonar, inda mahaifinsa ke hutawa. Hawaye na bin gemunsa, amma duk jirgin da ya zo sai ya ce, "Zauna, Baba, ba namu ba ne."

Sai bayan la'asar aka buɗe ƙofa. Karimatu ta sauko a guje, ta ga ubanta lafiya lau, ta durƙusa tana godiya. Ta ce, "Malam, na ɓata maka rana. Me ma ya kawo ka birni?"

Ya ce, "Da safe na zaci wani abu ne dabam. Ashe Babanki na zo riƙewa."

Allahu Akbar! Ma'aikacin nan, wanda daga bakinsa labarin ya fito, ya ce tsigar jikinsa ce ta tashi.

Na ga idanunku. Kuna jira in ce tsohon nan uban alƙali ne, aka mayar wa Sallau gonarsa. A'a. Talaka ne futuk. Sallau ya hau sama ya tarar an tashi, an ba mai hannu da shunin nan gonar. Ya koma gida ya ƙare rayuwarsa yana ƙodago a gonakin mutane, kuma ba a taɓa jin ya ce da na sani ba.

Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne, amana ba ta zama amana sai ranar da riƙonta zai ci maka wani abu. Ubangijin da Ya ga Sallau a ƙarƙashin ƙasa, Yana ganin marayan da aka bar maka, da shagon da aka ce ka duba, da tsohuwarka da ke ɗakin baya tana jiran motsinka. Dukkanmu za a saukar da mu ƙarƙashin ƙasa wata rana, kuma ba wanda zai sauka da gona. Allah Ya sa a same mu riƙe da hannun da aka damƙa mana. Ku ce amin.