Kurege da Shafin Ƙarshe

Ga ta nan tafe, ku matso, mai gyangyaɗi ya wartsake.

A kogon wata tsohuwar kuka dabbobin daji ke da ɗakin karatu, Gwaggo Ɓauna ce mai tsaronsa. Dokarta ba wuya: ka ari littafi ranar kasuwa, ka mayar kasuwa mai zuwa, ka karanta mata shafin ƙarshe da ƙarfi don ta san ka kai can, ita kuma ta cika maka tafi da soyayyar gyaɗa.

Sai Kurege, ɗan mitsitsi mai cikin da ba ya jin ƙoshi, ya ari littafin da duk dajin ke jira, labarin wani maharbi da ya faɗa rijiya. Gyaɗa tafi ɗaya? Haba, ai wannan raini ne! Ya kafa dandali a bakin raminsa, ya karanta shafi guda, daidai wurin daɗi ya rufe.

"Mai son ci gaba ya kawo abin taɓawa! Ni ne Kurege, ƙaramin jiki, ƙaton rumbu!"

Aka yi ta kawo rogo da dabino da ƙuli-ƙuli. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta biyo baya, littafi shiru. Shi kansa gogan bai leƙa ƙarshen ba, wai kada daɗin ya ƙare masa da wuri.

Da gari ya waye, Ɓauna ta aiko Kura karɓar littafi. Kurege ya shafe fuska da toka, ya yafa tsumma, ya fito yana tari kamar tsohuwa.

"Wayyo 'yar nan, jikana Kurege ƙyanda ta kwantar. Littafin ma da shi ya yi matashi. Zura hannu ki ɗauka."

"A'a Iya, Allah ya sawwaƙe!" in ji Kura, ta ranta a na kare.

Kurege ya yi dariya har da birgima. "Wayona ya fi haƙorinki tsini!" Ya tona ƙasa can ƙurya ya binne littafin, kada a zo bincike.

Da gari ya waye, aka yi shela: Gwaggo Ɓauna ta yafe wa duk wanda ya makara, mai mayarwa yau kwandon gyaɗa guda zai samu. Miyau ya tsinke wa Kurege. Ya tono littafin, ya buɗe. Gara ta cinye shi tun daga baya, saura bango da 'yan shafukan farko. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don har yanzu maharbinsa na cikin rijiya.

Amma kwando kwando ne. Ya cusa ganyen kalgo a tsakiya, ya nufi kuka yana taƙama.

"Sannu da samun sauƙi, ɗana," in ji Ɓauna. "Karanta mana ƙarshen."

Ya buɗe, ya kare da wutsiya, ya gyara murya. "Sai maharbi ya fito daga rijiya, ya ba Kurege gonar gyaɗa har da rumbunta."

"Tun ina 'yar maraƙa nake jin labarin nan," in ji Ɓauna, "ban taɓa jin kurege a ciki ba."

Ta fizge littafin ta girgiza, ganye da gara suka zubo. Kura kuwa ta hango ragowar toka a bayan kunnensa.

"Iya! Ashe ke ce?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu rogo da masu dabino suka rufe shi da duka, ya sha da ƙyar ta tsakanin ƙafafun Ɓauna, wutsiya a tsige. Sai da ya haye suri mai nisa ya juyo yana haki.

"Gwaggo, don Allah, maharbin ya fito?"

"Je ka tambayi gara."

"To riƙe abinki! Nawa ƙarshen ya fi daɗi!"

Haka ya ce. Amma har yau in ka ga kurege na tonon ƙasa, shafin nan yake nema.

Ƙurunƙus, yau kusu ya huta, kan kurege ta ƙare.