Rumfar Haliru a Kasuwar Cikin Waya

Jama'ar wannan shafi, ku yi mini uzuri. Labarin nan na ji shi da cikarsa, amma wani yanki ya zame mini. Sunan wasan ya ɓace, shekarar ma ban riƙe ba, sai dai na san da damina ne. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Akwai wani matashi mai gyaran waya a Gusau, sunansa Mannir. Abokansa duk sun watse neman abinci, shi kaɗai yake zaune a ɗakin bayan shagonsa. Shi ya buɗe wani dandali a cikin wasan nan na waya da mutane da yawa ke shiga lokaci guda, kowa daga garinsu. Suna kiran dandalin saba. A ciki ana noma, ana kiwo, ana fasa dutse, ana gina gida. Mannir ne mai mabuɗi. Abin da ya ga dama ya gina, abin da ya ga dama ya rushe.

'Yan wasan suka yi wa kansu kasuwa. Kowa ya kafa rumfarsa yadda ya iya, wata a karkace, wata ba rufi. In kana son saye, sai ka jira mai rumfa ya shigo.

Wannan jiran ne ya dami Mannir. Ya zauna ya ƙera wasu akwatuna masu sayar da kaya da kansu. Ka taɓa akwati, ka ɗauki kayanka, ka tafi, ko mai shi yana barci. Ya jera sabbin shaguna reras, duk tsayi ɗaya, launi ɗaya. Gaskiya sun yi kyau.

Kowa ya koma sabon wuri, ban da mutum ɗaya, Haliru, wani ɗan Bungudu. Rumfarsa ta katako ce, da dogon benci a gaba. Madara da alkama yake sayarwa, kayan da ko'ina akwai. Kullum bayan la'asar sai ya shigo ya tsaya a bakinta. Kuma ba ya ciniki sai an gaisa.

Wata rana Mannir ya je ya same shi a cikin wasan, ya kunna wurin magana da murya.

"Malam Haliru, rumfar nan ta tare mini hanya."

"A'a, maigida da kansa! Sannu da zuwa. Ya gida? Ya ruwa wajenku? Mu nan jiya ya sauka sosai, har gero ya kwanta."

"Lahiya lau. Na ce ka koma sabon shago."

"To akwatin nan naka, yana amsa sallama?"

Mutanen da ke zaune a bencin suka yi dariya. Wasila, wata mai ɗinki daga Tsafe, ta ce, "Ko albarka bai iya cewa ba, balle ya yi maka ragi."

Dariyar ce ta ɓata wa Mannir rai. Ya ce, "Nan ba kasuwar ƙauye ba ce. Mutum ya zo sayen madara, ka tsare shi da tambayar kakarsa? Gobe in na zo na tarar da katakon nan, ni zan kwashe shi."

Haliru ya ce, "Bar mini ko bencin, maigida."

Washegari Mannir ya kwashe duka, har bencin. Ya shimfiɗa hanya fes a wurin.

Bayan la'asar Haliru ya shigo. Mannir yana kallonsa daga saman wani gini. Ya tsaya a tsakiyar sabuwar hanyar, ya juya gabas, ya juya yamma. Can sai sunansa ya ɓace daga allo.

Nan ne kaina ya rikice, ban san ko makonni aka yi ko watanni ba. Na dai san kasuwa ta ci gaba da ci, amma ba ka ganin kowa. Mutum zai faɗo, ya taɓa akwati, ya fice. Daga baya faɗowar ma ta ragu. Mannir ya ƙara fitilu, ya dasa furanni, ya sa allon da ke nuna inda kaya suka fi araha. Shiru.

Sai ya zamana in ya idar da la'asar ya shiga, shi kaɗai ne a duniyar nan gaba ɗaya. Yana tafiya tsakanin shagunan, ba ya jin komai sai takunsa da kukan wata saniya da mai ita ya bari a ɗaure. Wata rana ya tsinci kansa yana yi wa akwati sallama.

Ya kira Wasila a waya. "Hajiya, mi ya faru kuka guje ni?"

Ta ce, "Ba mu guje ka ba. Ni yini nake a kan keken ɗinki, ba mai ce mini sannu. Don hirar bencin nan nake sayen data. Madarar cikin waya kuwa, sha zan yi?" Sai ta ƙara da cewa, "Kai ka taɓa ganin Haliru?"

Bai taɓa ba.

Ranar Juma'a ya hau mota zuwa Bungudu. Da tambaya ya kai gidan. Matar Haliru, Hussaina, ta yi masa iso zuwa zaure. Ya tarar da magidanci kwance a kan katifa, an tokare masa baya da matashin kai, ƙafafunsa a lulluɓe. Da can ɗan kasuwa ne, mai kayan miya, yana bin kasuwannin ƙauye a kan babur. A hanyar Kwatarkwashi ya faɗi, tun daga nan bai sake takawa ba. 'Yan dubiya sun zo, sun zo, har suka gaji.

Mannir ya durƙusa a gefen katifar.

Haliru ya gane muryar tun daga sallama. Ya yi murmushi ya ce, "Maigida, yau kai ne a rumfata? To sai ka haƙura, nan ma sai an gaisa. Ya hanya? Ya ruwa?"

Mannir ya amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshenta, bai katse ba. Sannan ya ce, "Na yi maka laifi, Malam. Ka yafe mini."

"Wanga ba komi ba ne. Katako ne na cikin waya." Ya kalli rufin zauren. "Bencin dai na ji."

A nan zauren Mannir ya ciro wayarsa. Haliru yana faɗa masa inda kowane katako yake, shi yana kafawa, har karkacewar rufin suka mayar. Bai cire akwatunan ba, don suna da amfani ga mai sauri. Amma ya sa benci a gaban kowane shago, ya kuma yanka ranar kasuwa kamar yadda ake yi a garuruwanmu: duk Alhamis bayan la'asar akwatuna su rufe, mai kaya ya tsaya a kan kayansa.

Ba kowa ne ya dawo ba. Wasu sun tafi ke nan. Alhamis ta farko su uku ne a bencin, Haliru da Wasila da Mannir. Ba a sayar da ko ƙwarya ɗaya ta madara ba, amma sai kiran magariba ne ya tashe su.

Na ce muku na manta da yawa, amma abu ɗaya na tabbatar, don da yawona ya kai ni Bungudu na tambayi Hussaina da bakina. Ta ce duk ranar da Haliru zai buɗe rumfar nan, sai ya sa ta ɗauko masa wankakkiyar riga da hularsa ta zuwa kasuwa, alhali ba mai ganinsa a cikin waya. Ta ce ko a kwanakin da aka rushe rumfar, bai fasa sa hular ba.

Darasi: Kafin ka rushe abin da ka ga ya tare maka hanya, tambayi wanda ke zaune a wurin me ya zaunar da shi. Gyaran da ya kori gaisuwa daga tsakanin mutane bai kammala ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, sannan ku kira wani da kuka daɗe ba ku ji muryarsa ba.