Manajan da Ya Sallami Kyaftin Ba Sallama

Akwai wani mutum a wani gari wanda aka damƙa wa riƙon kulob ɗin ƙwallon kwando. Ba shi ne mai kulob ɗin ba. Mai shi wani dattijo ne da ya kafa shi tun yana da ƙarfin tsalle. Da ƙafa ta gaji, sai ya kira mutumin nan ya ce, "Ɗana, ga 'yan wasa, ga fili. Kai ne manaja. Ɗauki wanda ka ga dama, saki wanda ka ga dama, ba zan sa maka baki ba. In kakar wasa ta ƙare zan duba aikinka, a nan za mu san ko za ka ci gaba ko a'a."

Manajan nan kuwa akwai kai, kuma yana son aikin kamar ransa. Ya tarar da kulob a can ƙarshen jeri, kowa ya zo sai ya lallasa su ya wuce. Nan da nan ya shiga gyara. Ya saki waɗansu masu dogon suna da gajeren numfashi. Ya canja koci. Ya jawo wani siririn ɗan wasa daga benci, sai ga shi yana jefa ƙwallo daga nesa, tana faɗawa kwando ko ƙarfen bakinsa ba ta taɓawa!

Gari ya ɗauka. A teburin mai shayi ba a wata hira sai tasa.

Wani ya ce, "Manajan nan makaho ne, zai kashe mana kulob!"

Na kusa da shi ya ce, "Ji mai magana! Kai da ko ɓawon lemo ka jefa a kwandon shara sai ya faɗi a waje?"

To, a cikin 'yan wasan akwai kyaftin, sunansa Dogara. A kulob ɗin ya girma. Dattijon ne da kansa ya je ya roƙo shi a wurin uwarsa, Mama Rifkatu, mai tuyar ƙosai a bakin hanyar fili. Lokacin da kulob ba ya cin komai, Dogara bai gudu ba. Amma yanzu gwiwarsa ta fara gajiya, gudunsa ya ragu.

Ana nan sai manaja ya ji labarin wani dogon ɗan wasa a wani gari mai nisa, wanda saboda tsawo ake ce masa Giginya. Kulob ɗin can kuwa suna neman gogagge da zai riƙe musu sababbin 'yan wasansu. Sai aka daidaita a kan musaya: a ba da Dogara, a karɓi Giginya.

Magana ba ta ɓuya. Dogara ya tare manaja a bakin fili ya ce, "Oga, ina jin ƙishin-ƙishin. Gaskiya ne?"

Manaja ya dubi idon mutumin nan, sai zuciyarsa ta karaya. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba kyaftin! Kai da kulob ɗin nan ai hanta da jini ne. Je ka yi atisayenka."

Alhali kuwa an riga an gama magana.

Kashegari da safe Dogara yana zaune kusa da kaskon uwarsa, rediyo yana labarin wasanni, sai aka sanar da musayar. Mama Rifkatu ta tsaya da matsami a hannu ta ce, "Dogara, sunanka na ji, ko kunnena ne?"

Ya tashi ya nufi fili. Aka ce manaja ba ya nan. Jakarsa ya tarar a bakin ƙofa, an riga an haɗa masa kayansa. Ya ɗauka, ya kama hanyar tasha.

Giginya ya iso, kuma jama'a, Giginya ya yi wasa! In ya tsaya a ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannu, abokan hamayya sai su nemi wata hanya. In ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, kafin kowa ya yi tsalle tana hannunsa. Suka ci wannan, suka ci wancan, suka yi ta hawa har wasan ƙarshe. A ranar fili ya cika maƙil, maki ya zo kunnen doki, alƙali ya riga ya kai usur baki, sai siririn nan ya cilla ƙwallo sama, Giginya ya tashi ya cafe ta ya danna a kwando. Wayyo daɗi! Kofi ya zo gida. Aka ɗaga manaja sama ana zagaya gari da shi. Mutumin da ya ce masa makaho shi ne a gaba, yana ihu, "Ni fa tun farko na faɗa!"

Bayan an huce, wata safiya manaja ya ji murya a ƙofar gidansa: "Gafaranku dai, masu gida!"

Dattijo ne, da sandarsa, ya tako da ƙafa. Manaja ya fito da gudu, ya ba shi kujera, ya kawo ruwa, zuciyarsa fari fat, don ya tabbata albishir aka kawo masa.

Dattijo ya sha ruwa ya ce, "Ɗana, na duba aikinka. Waɗanda ka saki da fari, daidai ne. Siririn nan, idonka ya gani. Giginya kuwa, ko ni ba zan yi musayar da ta fi wannan ba. Gwiwar Dogara ta gaji, na sani."

"Na gode, Baba."

"To, Dogara ka sallame shi?"

"Na sallame shi, Baba, kamar yadda ka ba ni dama."

"Kun yi sallama?"

Manaja ya girgiza kai.

Dattijo ya ce, "Ikon sallama na ba ka, ban ba ka ikon kora ba. Kaza ake kora. Mutum kuwa zuwa ake yi a zauna da shi, a faɗa masa gaskiya, a gode masa, a raka shi. Ya tambaye ka ido da ido, ka ce masa hanta da jini. Yau in na bi ta gaban kaskon uwarsa sai ta sunkuyar da kai ta yi ta juya ƙosan da ya riga ya soyu. Gobe wace uwa ce za ta ba mu ɗanta?"

"Baba, kofin fa?"

"Kofi naka ne, ba mai karɓe maka shi. Mutane ne ba zan iya bar maka ba. Na zo mu yi sallama. Na tako da ƙafata domin ka ji daga bakina."

Ya riƙe hannunsa, ya gode masa a kan wahalarsa, ya sa masa albarka, ya tafi.

Abin ya yi wa mutumin nan zafi ƙwarai. Amma da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga an raba shi da aiki ba a raba shi da mutuncinsa ba. A nan ya gane mutuncin nan ne shi ya hana Dogara.

Ya tashi ya je wurin Mama Rifkatu, ya durƙusa. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ba ni ka yi wa ƙarya ba. Tasha tana can."

Ya shiga mota har garin nan mai nisa, ya tarar da Dogara a fili yana koya wa abokan wasansa tsaron gida. Dogara ya hango shi ya ce, "A'a, Oga! Kai ma an yi musayarka ne? Wa aka karɓa a madadinka?"

"Ni ko ɗan musaya ba a nema ba, kyaftin. Na zo ne in ce na yi maka ƙarya. Ka yafe mini. Kuma na gode da shekarun da ka ba mu."

Dogara ya buga ƙwallo a ƙasa, ya sake bugawa, sannan ya ce, "Da ka faɗa mini, da ni zan je tasha in ɗauko wa Giginya jakarsa. Ai na fi kowa sanin gwiwata." Sai ya miƙa masa hannu. "Na yafe, Oga. Zo in raka ka."

Aikin manaja kuwa wani aka ba.

Ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne, don a nan daɗin yake!

Dattijon nan yana nuna mana Ubangiji, mai kulob na ainihi. Manaja ni ne, kai ne, ke ce, duk wanda aka sa mutane a hannunsa: shugaban mawaƙa, shugabar zumuntar mata, mai shago da ma'aikatansa, babbar yaya a cikin gida, har wanda yake raba 'yan wasa a filin makaranta. 'Yan wasa su ne mutanen da Allah ya ba mu amana. Kofi kuwa shi ne nasarar da ido yake gani. Masu teburin shayi su ne duniya: ka sha kaye kai makaho ne, ka ci kai gwani ne, baki ɗaya ne yake faɗin duka biyun.

Ku lura da wani abu da yake burge ni. Dattijo bai ce musayar laifi ba ce. Ya ma yaba! Allah bai hana mu yanke shawara mai wuya ba. Wani lokaci dole a canja mai jan waƙa, dole a ba wani muƙamin da wani ya daɗe a kai. Shugaban da ba ya iya wannan, jama'arsa a ƙarshen jeri za su dawwama. Manajan nan ya ci jarrabawar kai, ta zuciya ce ya faɗi. Kuma ba mugunta ce ta kayar da shi ba, tsoro ne. Ya ji nauyin kallon idon mutum ya faɗa masa gaskiya, sai ya zaɓi ƙarya mai taushi. Mu nan muna kiranta kara, muna kiranta kunya. 'Yan'uwa, karar da za ta sa ɗan'uwanka ya ji labarinsa a bakin duniya ba kara ba ce.

Ku dubi kalmar nan tamu, sallama. Da ita ake shiga gida, da ita ake rabuwa, da ita ake sakin ma'aikaci. Kakanninmu ba su raba su ba, don sun san yadda ka shiga wurin mutum da girmamawa, haka ya kamata ka fita. Mu ne muka tsaga ta biyu, muka riƙe rabin da ba ya sa gumi. Sau nawa muka cire mutum daga guruf ɗin waya, sai dai ya farka ya ga ba ya ciki? Sau nawa aka sa sabon mai kiɗa, tsohon ya zo ranar Lahadi ya tarar da wani a kan kujerarsa? Sau nawa muka daina ɗaukar kiran aboki, muna jira ya gane da kansa?

Ku kuma dubi halin Ubangijinmu. Ko da hukunci zai yi, ba ya aiko mana da shi ta bayan gida. Shi da kansa yake takowa, ya yi mana magana, ya nuna mana abin da muka yi daidai da inda muka kauce. Manajan cikin misali sai da kaka ta ƙare ya ji tambayar, shi ya sa gyaransa ya dawo masa da ɗan'uwa amma bai dawo masa da aiki ba. Mu kuwa, albishirinku, kakarmu ba ta ƙare ba! Yau muka ji tambayar, tun ana cikin wasa.

Saboda haka ga abin da za mu yi. Kowa ya rufe ido ya nemo Dogaransa. Na san kun gan shi, don ba ya wuyar samu. Kada ku tura saƙo, kada ku aiki ƙani. In an tashi daga sujada, tuwo zai jira. Ku taka da ƙafarku har ƙofar gidansa, ku ɗaga murya ku yi sallama yadda maƙwabta za su ji, ku tsaya a nan har sai an amsa.