Ƙafar Malam Gidaɗo a Falon Yai

Akwai wani matashi a garin Salford na ƙasar Ingila mai suna Sa'id, injiniya ne, irin mutanen nan da ko gaisuwa za su je sai sun yi bincike a waya. Ba shi da mugun hali, wallahi. Tsoron jin kunya ne kawai ya yi masa yawa, kuma idan tsoron ya taso masa sai bakinsa ya yi kaifi.

Sa'id ya kamu da son wata yarinya, Shifa, wadda suka haɗu tun a jami'a. Musulma ce 'yar asalin ƙasar Thailand, iyayenta na zaune a Erdington cikin Birmingham. Iyayen sun yaba da shi. Amma a gidan akwai wata tsohuwa, kakar Shifa ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Yai. Ita ta raini Shifa, kuma ko mahaifin yarinyar ba ya yanke magana sai tsohuwar nan ta gyaɗa kai.

Yai ta ce ba za ta ce e ko a'a ba sai ta ga yaron tare da ubansa a falonta.

Mu dai a wajenmu uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, ƙannensa ake turawa. To ƙannen duk suna Gombe. Sai mahaifin Sa'id, Malam Gidaɗo, tsohon akanta da ya yi ritaya, ya ce ba komai, shi zai je da kansa.

Ga inda matsalar take. Ba a daɗe da yi wa Malam Gidaɗo aiki a gwiwar dama ba, ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ko sallah a kan kujera yake yi. Su kuwa mutanen Thailand, babu abin da suke kiyayewa a gidan mutane kamar ƙafa. Miƙe ta har tafinta ya kalli babba, a wurinsu wulaƙanci ne tsagwaronsa.

Ranar Asabar suka kama hanya. Tun daga Salford har suka hau babbar hanyar M6, Sa'id bai bar tsohon ya huta ba.

"Baba, takalmi a waje ake barinsa. Kada ka taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi. Idan ka ga ƙaramin yaro kada ka shafa kansa yadda ka saba, su kai abu ne mai girma. Kuma kada kanka ya fi na Yai tsawo idan tana zaune."

Malam Gidaɗo ya yi dariya. "Sa'idu, gaisuwa za mu je ko jarrabawa?"

"Baba, please, I'm serious. Babban abin shi ne ƙafa. A ƙasa suke zama, a naɗe ƙafafu a gefe, tafin na kallon baya. Idan ka miƙe ta wajen Yai, shi ke nan, an gama."

"To ai ka san gwiwar nan..."

Sa'id ya katse shi. "Don Allah Baba, yau ɗaya dai. Kada ka ba ni kunya."

Subhanallahi! Ɗa ne ke gaya wa ubansa haka. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya juya yana kallon motocin da ke wucewa, can ya ce, "To, Sa'idu."

Da suka isa Erdington, abin da suka tarar ya sa jikinsu ya yi sanyi. Takalma jere a bakin ƙofa kamar a masallaci. Gidan cike da mutane amma ba ka jin hayaniya. An shimfiɗa tabarma a falo, Yai na zaune a can ƙarshe, 'yar ƙaramar tsohuwa da farin mayafi. Duk wanda zai gifta ta gabanta sai ya rage tsawo. Mahaifin Shifa, babban likita mai furfura, a kan gwiwoyinsa ya matsa ya miƙa mata kofin ruwa da hannu biyu.

Malam Gidaɗo ya raɗa wa ɗansa, "Ikon Allah! Ashe akwai masu irin wannan ladabi har yanzu."

Mahaifiyar Shifa ta ga sandar da yake dogarawa, ta yi sauri ta kawo masa kujera. Malam Gidaɗo ya dubi kujerar, ya dubi Yai a ƙasa, ya dubi ɗansa. Ya ce ya gode, ba zai zauna a sama tsohuwa na ƙasa ba. Ya dafa bango ya sauka a hankali, ya sa hannu biyu ya lanƙwasa ƙafar nan da ƙarfin tsiya, ya tura ta gefe yadda aka koya masa.

Sa'id ya sauke ajiyar zuciya. Shi a ganinsa an wuce wurin.

Aka kawo shayi, aka fara hira, Shifa na fassara tsakanin kakarta da baƙi. Yai na tambayar Gombe, tana tambayar ko ana noman shinkafa a can. Malam Gidaɗo na amsawa da fara'a.

Can Sa'id ya ji wani ɗan ƙara. Ya waiga, sai ya ga kofin shayi ne ke kaɗawa a hannun ubansa. Gumi ya jiƙa bakin hularsa yana gangarowa ta bayan kunne. Leɓensa ya bushe, amma murmushin na nan a fuskarsa, ya ƙi barinsa ya faɗi.

Tsohon ya lura ɗan na kallonsa. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada ka damu, zan iya. Ba zan ba ka kunya ba."

Wallahi maganar nan ta soki Sa'id har cikin rai. Ya tuna likita ya yi gargaɗi kada a matsa wa gwiwar, aikin na iya lalacewa. Ya dubi falon, ɗan tsukukun falo ne cike da jama'a. Idan aka miƙe ƙafar nan babu inda za ta dosa sai wajen Yai. Ya dubi Shifa. Ya san sarai abin da zai iya rasawa.

Sai ya matsa a kan gwiwoyinsa har gaban ubansa.

"Sa'idu, me kake yi? Bari!"

"A'a Baba, ya isa haka."

Ya kama ƙafar da hannu biyu, ya warware ta sannu a hankali har ta miƙe. Tafin ya tsaya yana kallon Yai sak. Ya cire kwat ɗinsa ya naɗe ya tura ƙarƙashin gwiwar, ya ɗora diddigen a kan cinyarsa yana matsawa, kansa a sunkuye.

Mahaifiyar Shifa ta rufe baki da hannu.

Sa'id ya ce, "Shifa, ki gaya wa Yai ta yi haƙuri. Babana ba shi da laifi, ciwo gare shi, ni na tilasta masa ya zauna haka. Na san abin da wannan ke nufi a wurinku. Idan ta ce a'a, na fahimta."

Shifa ta fassara, idanunta cike da ƙwalla.

Yai ta daɗe tana kallon yaron da ƙafar ubansa a cinyarsa. Sannan ta dafa tabarma da hannu biyu, ta zaro ƙafafunta daga ƙarƙashin zani, ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe su a gaban kowa.

Jama'a, 'ya'yanta da jikokinta suka daskare. Mahaifiyar Shifa ta faɗa daga baya cewa tun da take ba ta taɓa ganin uwarta ta miƙe ƙafa a gaban baƙo ba.

Tsohuwar ta yi magana, Shifa ta fashe da dariya cikin kuka. "Ta ce ita ma gwiwarta ta daɗe tana damunta, wanda zai fara take jira."

Aka yi dariya, har da Malam Gidaɗo. Sai Yai ta ɗaga hannu, kowa ya natsu. Ta ci gaba, Shifa na bi.

"Ta ce a wurinmu kai ne mafi daraja a jiki, ƙafa ce mafi ƙasa. Shi ya sa idan ɗa na son ya nuna wa iyayensa girman da ya wuce magana, sai ya sunkuyar da kansa ya wanke musu ƙafa. Ta ce ta ga yadda ka tsallake dokin ƙofa, ta gane ka san al'adarmu, ka san abin da kake yi. Ta ce ladabin da aka haddace a hanya kowa na iya yi, amma wannan ba haddace shi ka yi ba."

Shifa ta tsaya, ta kasa ƙarasawa. Mahaifinta ne ya ƙarasa mata. "Ta ce ta yarda."

Malam Gidaɗo ya ce, "Allahu Akbar," ya sa hannu ya share fuska.

Yai ta aika aka ɗauko mata man zafin da take shafawa, ta miƙa wa Sa'id ta nuna masa gwiwar ubansa. Yana shafawa yana cewa, "Baba ka yafe min maganar da na yi a mota."

"Na yafe tun a hanya, kafin mu wuce garin Stoke," in ji tsohon. "Ɗan matsa nan gefen, nan ne ke ciwo."

Haka aka kawo shinkafa da mangwaro, tsofaffin nan biyu suka ci abinsu ƙafafu a miƙe suna fuskantar juna.

Darasi: Idan za ka je gidan mutane, ka koyi al'adarsu ka girmama ta, wannan mutunci ne. Amma kada neman burge baƙi ya sa ka ji kunyar iyayenka ko ka ɗora musu abin da ba za su iya ba, domin mutanen kirki na kowace ƙasa yadda ka riƙe naka suke kallo. Mai masauki kuma, mafi girman ladabinsa shi ne ya rufa wa baƙonsa asiri. Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda iyayensu ke raye.