Mai Injin Niƙa da Waƙar 'Yarsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, mai tsoron Allah. Da Ubangiji ya albarkaci gonarsa, sai ya sayi injin niƙa, ya kafa shi a rumfa a ƙofar gidansa. Matan ƙauyen suka huta da dutsen niƙa. Tun da safe suke kawo masara da dawa, shi kuwa yana tsaye a gindin injin har rana ta faɗi.

Injin nan yana da ƙara ƙwarai. In mutumin ya kashe shi da yamma, sai ya ji kunnensa yana ta kuka kamar gyare ya shiga ciki. Amma kafin gari ya waye abin ya lafa, don haka bai kula ba.

Wata rana matarsa ta dawo daga asibiti da wasu 'yan robobi masu taushi. Ta ce, "Maigida, malamar asibiti ta ce ka riƙa toshe kunne da waɗannan in za ka tada inji. Wai ƙara tana cin kunne a hankali, ba tare da ciwo ba."

Ya ce, "Kunnena ƙalau yake." Ya ajiye su a kan katanga, ya manta da su.

Shekaru suka wuce. Mutumin ya fara cewa rediyonsa ya lalace. Ya kuma ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana.

Yana da 'ya, sunanta Rifkatu, tana cikin mawaƙan ikilisiya. A ranar godiyar kaka aka ba ta dama ta rera waƙar da ita kanta ta shirya. Uban ya sa babbar rigarsa, ya zauna a bencin gaba. Ya ga bakinta yana motsi, ya ga mata suna share hawaye da bakin mayafi. Amma abin da ya kai kunnensa sai wani gunaguni, kamar ana magana a bayan bango.

Da aka tashi, Rifkatu ta zo ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Baba, ka ji wurin da na gode wa Allah dominka?"

Ya dube ta. Sa'an nan ya ce, "Na ga kina waƙa, 'yata. Ban ji ba."

Kashegari ya tafi asibiti. Malamar ta gwada shi, ta ce, "Baba, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma da sauran ji, shi za mu tsare."

Mutumin ya koma gida, ya ɗauke injin ya kai shi bayan gari. Ya riƙa toshe kunnensa, yana kuma kashe injin lokaci lokaci domin ya huta. Matan da suka kawo niƙa kuwa, musamman masu goyo, yakan ce su ajiye kwanonsu su jira a can gindin mangwaro. Da yamma Rifkatu takan zauna kusa da shi, ta faɗa masa kalmomin waƙar ɗaya bayan ɗaya, har ya iya ta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kunne kyauta ce daga Allah, kuma ba a rana ɗaya ake rasa shi ba. Injin niƙa, janareta, injin yankan katako, har da lasifikar da muke ƙure wa murya a wurin biki da cikin sujada, duk suna iya cin jinmu kaɗan kaɗan. In sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji, ƙarar ta yi yawa. Ku toshe kunne, ku ja da baya, ku nisantar da jarirai.

Haka yake da zuciya kuma. Hayaniyar duniya ba ta yi mana ciwo, shi ya sa muke zama a cikinta, har mu fara cewa Allah ya daina magana. Bai daina ba. A wannan mako, kowa ya nemi ɗan lokaci ya kashe abin da yake yi masa ƙara, ya zauna shiru. Wataƙila akwai wanda ya daɗe yana kiranka.